Shekarun da Aka Ƙirga Sauro a Garki

A daminar 1971, idan dare ya yi a ƙauyen Sugungum na ƙasar Garki, akwai waɗansu mutane da aikinsu shi ne su zauna su bar sauro ya sauka a jikinsu. Wasu a cikin ɗaki, wasu a waje. Mutum zai naɗe wandonsa zuwa gwiwa, ya riƙe tocila da ɗan bututu, ya yi tsit yana jira. Da zarar sauro ya sauka a ƙwaurinsa sai ya haska, ya kama shi, ya adana. Haka za a yi ta yi har gari ya waye. Da safe a kai abin da aka kama wurin masu madubin duba ƙwayoyin cuta, su feɗe sauron ɗaya bayan ɗaya, suna neman ƙwayar zazzaɓi a jakar yawunsa.

Wanda ya ga wannan a lokacin, ba za a ga laifinsa ba idan ya ce mutanen nan sun rasa abin yi. Amma da aka haɗa lissafin shekara, sai ga abin da ya fito: mutum ɗaya a Sugungum yakan sha cizo mai ɗauke da ƙwayar cuta har sau 145 a shekara, kuma kusan dukkansu a watannin damina. Wannan ban da cizon banza, wanda idan ruwa ya zauna sosai yakan wuce ɗari a dare guda. Lissafin sauro ne, amma ya taɓo wata tambaya da ta girme shi, wadda ake yi a zaure da masallaci da bakin kasuwa: me ke talauta mutum, kuma wa za a tambaya?

Garki a wancan zamani gunduma ce a Jihar Kano, lokacin mulkin Audu Bako. Sai a 1991 ta faɗo cikin sabuwar Jihar Jigawa, a ƙarƙashin masarautar Ringim. Ƙasa ce ta jigawa da rairayi, ta gero da dawa da wake da gyaɗa. Ruwanta na 'yan watanni ne, kuma a cikin 'yan watannin nan manomi zai nemi abincin wata goma sha biyu. A cikinsu ne kuma kowane kududdufin da aka haƙa don ginin ɗaki, da kowane sawun saniya da ruwa ya kwanta a ciki, yake zama ɗakin haihuwar sauro.

Bahaushe ya san zazzaɓi tun kaka da kakanni, har ya ba shi sunaye: masassara, jante, zazzaɓin damina. Wani ya ɗora laifin a kan dukan ruwa, wani a kan cin tumu da ɗanyar gyaɗa. Idan jikin yaro ya yi zafi har ya sanƙare, idanu suka kafe, sai a ce iska ce ta taɓa shi, a nemo rubutu da hayaƙi. Idan ya cika, maƙwabta su shigo su ce kwana ne ya ƙare, Allah ya sa mai ceto ne, Allah ya ba da haƙuri. Macen da take haihuwa 'ya'yan suna komawa, an ce tana wabi, kuma wanda ya zo bayan an binne biyu ko uku akan laƙaba masa suna irin su Ajuji ko Ayashe ko Ajefas, wai ko mutuwa ta ɗauka ba a damu da shi ba ta ƙyale shi. Duk al'ummar da ta kai ga ƙirƙiro irin waɗannan sunaye, ta sha binne ƙananan gawarwaki.

Zazzaɓin bai tsaya a maƙabarta ba, yakan bi mutum har rumbunsa. Yana zuwa ne daidai lokacin noman farko da maimai, lokacin da kwana uku a kwance suka isa ciyawa ta fi ƙarfin gero. Maigida na jinya ko yana jinyar ɗa, ɗan abin da ya rage a rumbu ya tafi wurin magani da sadaka da karɓar masu gaisuwa. Wata Baturiyar Ingila mai suna Polly Hill, wadda ta zauna a Batagarawa kusa da Katsina a 1967, ta bayyana yadda wannan tarko yake aiki a littafinta na 1972 kan karkarar Hausa. Wanda hatsinsa ya ƙare kafin kaka dole ya tafi ƙwadago a gonar wani don ya samu na cefane, a daidai ranakun da tasa gonar ke neman fartanya. Kaka ta zo ya girbe kaɗan, baɗi hatsin ya ƙare da wuri fiye da bana, daga nan sai bashi, sai jinginar gona. Ta kuma lura da yadda kalmar arziki take ɗauke da bayanin komai a bakin mutane: wane yana da arziki, wane ba shi da shi, kuma arziki baiwa ce.

Harshenmu ma ya rabu biyu a kan maganar. Bakin da ya ce zafin nema ba ya kawo samu, shi ne ya ce mai nema yana tare da samu. Wanda ya ce rabon kwaɗo ba ya hawa sama, shi ne kuma yake cewa Allah ya ce tashi in taimake ka. Kowane Bahaushe yana yawo da karin maganganun nan biyu a aljihu, ya zaro wanda ya dace da halin da yake ciki.

Su ma baƙin da suka zo Garki suna da tasu aƙidar. A 1955 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗaura aniyar kawar da zazzaɓin cizon sauro daga doron ƙasa, ta dogara da feshin DDT da ƙwayar kulorokwin. An yi nasara a kudancin Turai da waɗansu sassan Asiya, amma aka tsallake yawancin Afirka ta kudu da Sahara. A Arewacin Nijeriya an ɗan taɓa gwaji: a yankin Birnin Kebbi tun daga 1954, inda ba a daɗe ba sauro ya saba da ɗaya daga cikin magungunan feshin, sannan a Kankiya ta ƙasar Katsina a shekarun 1960. Babu inda aka tsinke cutar. Zuwa 1969 hukumar ta amince cewa burin kawarwa gaba ɗaya ba zai cika nan kusa ba. Sai aka ce to, a sami wuri guda a tsakiyar inda cutar ta fi ƙarfi, a zuba kuɗi da ilimi da ma'aikata iya iyawa, a gani ko za ta karye. Wurin da aka zaɓa, tare da gwamnatin Nijeriya, shi ne Garki.

An fara shiri a 1969. Daga ƙarshen 1970 zuwa farkon 1972 babu abin da aka yi sai ƙidaya. Aka ware ƙauyuka 22, irin su Sugungum da Rafin Marke da Ajura da Kwaru, aka rubuta kowane gida da kowane mutum, sama da mutum 7,000. Duk bayan mako goma ma'aikata za su dawo, a soki yatsan kowa, a ɗiga jini a kan ɗan gilashi, a rubuta wanda aka haifa, wanda ya rasu, wanda ya tafi cin rani, wanda ya dawo. Masu sauro kuma suna nasu: ban da kamun dare, sukan shimfiɗa farin ƙyalle a ɗaki da sassafe su yi feshi su tsince abin da ya faɗo, su kafa tarko a taga don masu fita, su haƙa ramuka a waje don masu neman inuwa.

Abin da takardun suka nuna ya fi abin da aka zata muni. Da damina fiye da rabin mutanen ƙauyukan suna yawo da ƙwayar cutar a jininsu, a cikin ƙananan yara kuwa kusan tara cikin goma. Da wuya yaro ya kai yaye bai kamu ba. Kimanin jariri ɗaya cikin kowane huɗu ba ya cika shekara a duniya, kuma mace-macen sun fi yawa a watannin da sauro ya fi yawa. Manyan da ake gani garau a gona su ne waɗanda suka tsallake siraɗin yarinta, jikinsu ya koyi zama da cutar.

Wani likitan jini daga Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, Alan Fleming, shi da abokan aikinsa suka duba jinin ta wata fuskar. Suka tarar kimanin jarirai biyu cikin ɗari ana haifarsu da cikakkiyar cutar amosanin jini, wadda yanzu ake kira sikila, amma a cikin manya da ƙyar ake samun mai ita. Ba warkewa suke yi ba, tafiya suke yi tun suna ƙanana. Fiye da mutum ɗaya cikin huɗu na manyan kuwa suna ɗauke da rabin gadon cutar, wanda ba ya cutar da mai shi, hasali ma yana kare shi daga mugun zazzaɓi, abin da ya sa ya yaɗu a ƙasar sauro. Amma idan mai rabi ya auri mai rabi, kowane ciki yana da haɗarin ɗaya cikin huɗu na zuwa da cikakkiyar cutar. Ashe wani kaso na abin da ake kira wabi yana rubuce a cikin jinin uwa da uba, kuma ana iya karanta shi.

A watan Afrilun 1972 aka shiga aikin gadan-gadan. Ƙauyuka 164 aka yi wa feshi da wani magani mai suna propoxur, wanda masu sayayya suka fi sani da Baygon, ana fesa bango da rufi kafin damina da cikinta. A 60 daga cikinsu aka ƙara da raba wa jama'a ƙwaya, 'yar'uwar Fansidar, mai ciwo da mai lafiya, duk bayan mako goma. A cikin waɗannan kuma aka ware 'yan ƙauyuka da ake ba su ƙwayar duk mako biyu da damina, ana kuma zuba maganin tsutsar sauro a ruwan da ke kwance. Waɗansu ƙauyukan aka bar su ba feshi ba rabon ƙwaya, don a samu abin aunawa.

A nan ne labarin ya ba masu raina talaka kunya. Da gaskiya ne cewa imani da ƙaddara yana hana mutumin karkara neman mafita, da masu feshi sun tarar da ƙofofi a garƙame. Sai ga shi kusan kowane ɗaki an fesa. Mata sun fitar da tukwane da ƙore da shimfiɗu tsakar gida, sun jira, sun mayar, ba sau ɗaya ba. Mafi yawan jama'a sun fito sun haɗiyi ƙwayar zagaye bayan zagaye. Shekara da shekaru suna miƙa yatsa ana sokawa. Mutanen da suke cewa kwana ya ƙare a wurin zaman makoki, su ne suka jera da goyonsu a gaban mai raba magani, kuma ba su ga wani karo tsakanin abubuwan biyu ba.

Sakamakon ya zo da daɗi da ɗaci. A ƙauyukan da aka haɗa feshi da ƙwaya akai-akai, masu ƙwayar cutar a jini sun ragu daga fiye da rabi har suka kusa komawa mutum ɗaya cikin ɗari. Zazzaɓi ya ja baya. Mutuwar jarirai ta sauka ƙasa sosai idan aka gwada da ƙauyukan da ba a taɓa ba. Ma'ana, akwai mutanen da a yau sun haura shekara hamsin a ƙasar Garki, masu 'ya'ya da jikoki, waɗanda aka haifa a daminar 1972 ko ta 1973, kuma Allah ya sanya sanadin rayuwarsu a cikin tankin feshi da 'yar ƙwaya.

Amma cutar ba ta tsinke ba. Feshi kaɗai ya rage ƙarfin sauro na yaɗa cuta da kimanin kashi 90 cikin 100, sai dai yawan masu cutar ya ragu da kimanin kashi 25 kacal, domin abin da ya saura na sauron ya isa ya ci gaba da aikinsa. Masanin sauro ɗan Italiya Mario Coluzzi ya taimaka wajen gano dalili. Abin da ido ke gani a matsayin sauro iri ɗaya, iri-iri ne masu hali daban. Wani idan ya sha jini sai ya lafe a bango, feshi ya kashe shi. Wani kuwa yana gama sha sai ya fice waje, bai taɓa bangon ba balle ya mutu, gobe ya dawo. Ga kuma matafiya da 'yan cin rani da baƙi da waɗanda ba sa gida ranar rabo, kowa da guzurin cutar a jininsa.

A ƙarshen daminar 1973, shekarar da fari ya ƙone ƙasar Hausa da Sahel baki ɗaya, aka dakatar da babban aikin kamar yadda aka tsara tun farko. Aka koma ƙidaya har zuwa farkon 1976, ana kallon cutar tana dawowa mazauninta. An kashe sama da dala miliyan 6. A 1980 Louis Molineaux da Gabriele Gramiccia suka fitar da littafin da ya tattara binciken, wanda ya kai sunan Garki jami'o'in duniya. Lissafin hasashen yaɗuwar cutar da Klaus Dietz da abokansa suka gina a kan jinin mutanen Garki, har yau masana suna komawa gare shi. Akwai ɗaliban kiwon lafiya a Landan da Amurka da suka san Sugungum a takarda, alhali ɗan Dutse bai taɓa jin abin da aka yi a can ba.

Baƙin sun zo da yaƙinin cewa ilimi da kuɗi za su gama da cutar, suka koma sun san iyakarsu. 'Yan gari kuwa sun ga da idonsu cewa abin da aka saba sallamawa yana da sanadi, kuma sanadin yana taɓuwa. Kowane ɓangare ya samu rabin darasi.

Cikakken darasin kuwa ba sabo ba ne a wurin wanda ya zauna gaban malami. A zamanin halifancin Sayyidina Umar, ya kama hanyar Sham, ya isa wani wuri da ake kira Sargu, sai labari ya tarye shi cewa annoba ta ɓarke a gaba. Ya yi shawara da sahabbai, ya yanke a juya. Abu Ubaida bin Jarrah ya tambaye shi ko gudun ƙaddarar Allah ake yi. Umar ya nuna masa cewa juyawar ma ƙaddarar Allah ce, ya buga masa misali da makiyayin da ya sauka kwari mai gefe biyu, ɗaya da ciyawa ɗaya ƙeƙasasshe: duk inda ya kora raƙumansa da ƙaddara ya kora su, amma shi ya zaɓa. Labarin baƙauyen da aka umarta ya ɗaure raƙumarsa sannan ya dogara ga Allah, yaran Islamiyya ma sun san shi. Annabi Yusufu da ya ga fari na shekara bakwai tafe, rumbu ya sa aka gina. Malamai suna kiran wannan riƙo da sababi, kuma sun bambanta tawakkali da zaman jiran tsammani. Imani da ƙaddara magani ne ga zuciyar uwar da ta riga ta binne ɗanta. Ba a saukar da shi don a hana tambayar abin da ya kashe yaron ba.

To, idan addini bai hana tambaya ba, kuma talakan Garki bai ƙi magani ba, daga ina maganar nan take samun ƙarfi, cewa talauci rabo ne kawai, a yi haƙuri? A duba bakin da ta fi fitowa. Idan talaka ya ce haka Allah ya so, yawanci yana rarrashin kansa ne a kan abin da ya fi ƙarfinsa. Idan mai riƙe da baitulmali ya faɗa, yana rufe littafin da ya kamata a buɗe ne. Kalmomin ɗaya ne, aikinsu daban.

Wannan rigima tsohuwa ce a ƙasar Hausa, kuma da ayoyi aka yi ta daga kowane gefe. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, a littafinsa Kitabul Farƙ, ya lissafa jangali da kuɗin gari da gaisuwa cikin abubuwan da ya zargi sarakunan zamaninsa da ɗora wa mutane. Bai ce rabon talaka ke nan ba, ya kira abin da sunansa. Da aka kafa jam'iyyar NEPU a Kano ranar 8 ga Agustan 1950, gardamar ta sake tashi. Masu mulki da waɗansu malamansu suna cewa Allah ke ba da mulki ga wanda ya so, biyayya wajibi ce. Malam Aminu Kano, ɗan gidan malamai kuma mai tafsiri, da irin su Malam Sa'adu Zungur, suna amsawa daga littafi guda cewa Allah ya haramta zalunci, kuma wahalar talaka tana da masu haddasa ta. Mutane sun sha ɗauri da bulala a kan wannan fassara. A 1979, shekara uku bayan masu ƙirga sauro sun naɗe kayansu, gwamnatin Abubakar Rimi ta soke haraji da jangali a Jihar Kano, har da Garki. Abin da kakanni suka ɗauka kamar fitowar rana ne, da sanarwa ɗaya ya kau. Ashe hannun mutum ne ya ɗora shi.

Jigawa ta gaji tambayar tun ranar da aka haife ta. A 2007 gwamnan Babban Bankin Nijeriya na lokacin, Charles Soludo, ya bayyana alƙaluman da suka sa jihar a sahun gaba wajen talauci, da kimanin kashi 95 cikin 100. Maganar ta yi zafi. A shekarar ne gwamnatin Sule Lamido, wanda ya taso a gidan siyasar Malam Aminu, ta fara biyan naƙasassu naira 7,000 duk wata. A Oktoban 2008 kuma aka yi Taron Talakawa a Dutse, inda aka juya tsarin da aka saba: talaka ya riƙe lasifika, manya suka zauna suna saurare. Ko me mutum zai ce game da siyasar taron, ya tsaya ne a kan fahimtar cewa talauci yana da dalilan da mai fama da shi zai iya lissafawa, kuma akwai waɗanda ya wajaba su ji. A fadar Dutse ma, marigayi Sarki Nuhu Muhammad Sanusi ya yi suna wajen tsara karɓar zakka, musamman ta hatsi, da raba ta a gundumomin da aka tara ta. Zakka kuwa ita ce hujja mafi ƙarfi a cikin addini kan wannan batu, domin ta mayar da kason mabuƙaci haƙƙi a cikin dukiyar mawadaci. Inda akwai haƙƙi, akwai mai iya danne shi, kuma yunwar da ta biyo bayan dannewar tana da mai ita.

Duk da haka, a binciken Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa na 2019 kimanin kashi 87 cikin 100 na mutanen Jigawa suna ƙasa da ma'aunin talauci. Sauro ba shi kaɗai ne sanadi ba. Akwai ƙarancin ruwa da ambaliyar kogin Haɗeja, akwai tsadar taki, akwai makarantar da ba malami da asibitin da ba magani. Amma sauro yana cikin manya. Masana tattalin arziki biyu, John Gallup da Jeffrey Sachs, sun auna ƙasashe daga 1965 zuwa 1990, suka ga cewa inda zazzaɓin ya yi katutu, haɓakar abin da mutum ke samu tana ja baya da kashi 1.3 cikin 100 kowace shekara idan aka gwada da inda babu shi. Nijeriya kuwa ita kaɗai tana ɗauke da kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da cutar a duniya. Cuta tana haifar da talauci, talauci yana hana sayen gidan sauro da magani, su biyun suna goyon juna kamar tarkon ƙwadagon da aka gani a Batagarawa.

Wani abu daga darasin Garki ya dawo gida bayan shekara kusan arba'in. An daina mafarkin tsinke cutar da feshi a irin wannan ƙasa, aka koma ga abin da aka ga yana aiki: a tsare ƙananan yara da ƙwaya a watannin da sauro ke da ƙarfi. A 2012 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a riƙa ba yara 'yan wata 3 zuwa ƙasa da shekara 5 maganin rigakafi wata-wata a tsawon damina a ƙasashen Sahel, kuma Katsina da Jigawa suna cikin jihohin farko da aka fara a Nijeriya. Ɗaya daga cikin magungunan biyu da ake haɗawa ɗan gidan su ƙwayar 1972 ne.

Yanzu idan ruwa ya sauka, masu rabon sukan bi gida-gida, su yi sallama, su tambayi yara nawa ne. Uwa ta jiƙa ƙwayar a cokali, ta yi bisimilla, ta ɗura wa yaro, ta karɓi na gobe da na jibi ta ƙulle a bakin zane, ta ce Allah ya sa a dace. A cokalin nan guda ta haɗa abin da ake ta gardama a kai tun zamanin Umar: ta ɗaure raƙumarta, ta kuma dogara ga Mai ita. Kakarta ma haka ta yi a 1972, har ranar da motar masu magani ta daina zuwa. Ita dai ta yi nata. Saura a ga ko ƙwayar za ta dawo baɗi, in kuma ba ta dawo ba, a san ƙofar da za a ƙwanƙwasa kafin a ce kwana ne ya ƙare.